KURMAN ADADI: Bayani A Kan 2,147,483,647

Bayan haka, wannan bayani ne a kan wani adadi mai alƙaluma 10, wanda masana hisabi suka yi shekara kusan 200 suna zato a kansa kafin a sami wanda ya kawo hujja. Adadin kuwa shi ne 2,147,483,647, watau miliyan 2,147 da dubu 483 da 647. Abin da ya sa aka san shi, ba ya rabuwa. In dukiya ce ta kai wannan adadi, aka ce mutum 2 su raba daidai wa daida, ko 3, ko 10, ko dubu, ko miliyan, lalle ne saura ya ragu a ƙasa. Ba mai raba shi sai 1, sai kuma shi kansa. Irin wannan adadi shi masana Larabawa suka kira adadi awwal, kuma malamin da ke rabon gado da ɗan kasuwan da ke aika kuɗi ta waya duka suna ma'amala da danginsa, ko sun san sunan ko ba su sani ba.

Fasali: Rabo da saura

Tun lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta ratsa Tsafe da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa a wannan yanki, ya zama aikin dillali da mai awo da akawu duk bisa rabo ya dogara. Dattawan da suka riski fam da sule kafin zuwan naira a 1973 sun san daɗin sule guda, domin kwabo 12 ne. Rabinsa sisi, rubu'insa taro, sulusinsa kwabo 4, sudusinsa kwabo 2. Amma da a ƙara kwabo guda su zama 13, shi ke nan rabo ya ɓaci, mutum 2 ko 3 ko 4 ko 6 duk sai an bar kwabo ɗaya a tabarma ana kallonsa.

Ga awwalai na farko bi da bi: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31. Daga 1 zuwa 100 guda 25 ne. Duk adadin da ba ya cikinsu murakkabi ne, watau harhaɗaɗɗe, daga buga awwalai da juna ya samu, kamar 12 da ke 2 sau 2 sau 3. Shi 1 ba a lasafta shi cikin ko wanne ɓangare.

Larabci yana da sunan kashi guda 9: nusufi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushuri. Da an zo 11 suna ya ƙare, sai dai a ce juzu'i ɗaya daga cikin 11. Saboda haka masu hisabi suka kira 11 da 13 da 17 da makamantansu asammu, watau kurma, domin ko da wane kashi aka kira shi ba ya amsawa.

Fasali: Kurman adadi a zauren fara'ili

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe tsohon garin malamai ne tun kafin jihadi, kuma daga ƙasar Katsina Muhammadu al-Kashnawi ya fito, wanda ya wallafa littafi a kan ilmin aufaƙi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Har yau duk ɗalibin da ya kai babin ƙarshe na Muhtasar na Halilu ya gamu da nisbobi 4 da ke tsakanin adadi da adadi: tamasuli, in sun yi daidai; tadahuli, in ƙarami ya shiga babba; tawafuƙi, in wani adadi na uku ya raba su duka; da tabayuni, in ba abin da ya haɗa su sai 1.

A misali, wani attajiri a Bungudu ya rasu ya bar mata 1 da 'ya'ya maza 4 da mata 3. Asalin mas'ala 8 ne, mata ta ɗauki sumuni, saura 7. Kawunan 'ya'ya kuwa 11 ne, tun da ana ƙidaya namiji biyu. To, 7 ba ta rabuwa ga 11, kuma ba kashin da suka yi tarayya a kai, don haka tilas a buga 11 ɗungum da 8, mas'ala ta inganta daga 88: mata 11, kowane ɗa 14, kowace ɗiya 7. Da a ce kawunan 14 ne, da sun dace da 7 ta wajen subu'i, sai a buga 2 kawai da 8, mas'ala ta tsaya a 16. Bambancin 16 da 88 daga halin 11 ya zo, domin awwal ba ya tawafuƙi da duk adadin da ke ƙasa da shi.

Haka nan a babin auli, inda 12 kan hau zuwa 13 ko 15 ko 17. Mas'alar nan da ake kira Ummul Aramili ita ce mata 3, kakanni mata 2, 'yan'uwa mata li'ummai 4, da shaƙiƙai mata 8. Ta hau zuwa 17, magada kuma 17 ne, in dinari 17 aka bari kowacce ta sami guda. Amma da dinari 18 ne, ko 100, sai an fasa dinari kashi 17 kafin kowa ya sami haƙƙinsa cif.

Fasali: Yadda ake gane shi

Ido ba ya gane awwal. Wanda ya dubi 91 zai ce ba ta rabuwa, domin witiri ce, watau mara, ba ta ƙare da 5 ba, 3 kuma ba ta shiga cikinta. Alhali kuwa 7 sau 13 ce. Kama da wane ba wane ba ne.

Hanyar farko ita ce ta Iratustinis, masani na Iskandariya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda Larabawa suka kira girbali, watau rariya. A jera adadi, a bar 2 a soke duk ninkinta, a bar 3 a soke duk ninkinta, haka 5, haka 7, abin da ya tsaya bisa rariya shi ne awwal. Sa'an nan Ibnul Banna na Marrakish, wanda ya rasu a 1321, ya bayyana cewa ba sai an gwada kowane adadi ba, a tsaya ga jizirin adadin da ake tuhuma, watau tushen da in an buga shi da kansa zai ba da adadin. Dalili kuwa, in adadi ya rabu gida biyu, lalle ɗaya daga cikin masu raba shi bai wuce jizirin ba. Don haka mai son ya tabbatar da 97 sai ya gwada 2 da 3 da 5 da 7 kaɗai, tun da 11 sau 11 ta riga ta zarce.

Uklidis kuma, tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kafa hujja cewa awwalai ba su da iyaka. In wani ya ce ga su nan duka ya tattara, sai a buga su da juna a ƙara 1. Abin da ya fito ba ya rabuwa da ko ɗaya daga cikinsu, domin kullum 1 ke saura. Ke nan ko dai shi kansa sabon awwal ne, ko kuwa akwai wani awwal da aka tsallake mai raba shi. In an buga 2, 3, 5 da 7 aka ƙara 1, a sami 211, awwal ce. In an ƙara 11 da 13 cikin bugun, a sami 30,031, wadda ke 59 sau 509, duka biyu kuwa ba su cikin jerin.

Fasali: Asalin wannan adadi

Ibnu Hallikan ya kawo labarin wanda ya ƙago wasan shaɗaranji a ƙasar Hindu, da sarki ya ce ya faɗi tukuicinsa. Ya roƙi a sa ƙwayar alkama 1 a gida na farko, 2 a na biyu, 4 a na uku, 8 a na huɗu, a yi ta ninkawa har gida na 64. Sarki ya raina roƙon, sai da masu lissafi suka zauna aka ga jimlar ta kai 18,446,744,073,709,551,615, abin da rumbunan duniya ba su ɗauka.

Wannan babbar jimla tana rabuwa da 3 da 5 da 17. Amma in an tsaya a hanya aka tara abin da ke cikin gidajen da aka wuce, wani lokaci awwal kan fito. Gida 2 jimlarsu 3, gida 3 jimlarsu 7, gida 5 jimlarsu 31, gida 7 jimlarsu 127. Wanda ya haƙa gurbin dara yadda aka saba, jeri 5 sau 6, ya ninka ƙwayar gero cikin gurbi 30 ɗin, zai sami 1,073,741,823, wadda 3 da 7 da 11 duk suna raba ta. In ya ƙara gurbi guda suka zama 31, jimlar ita ce 2,147,483,647.

Don a san girmansa: a zamanin kuɗin wuri, keso ɗaya zambar 20 ne. Wannan adadi zai cika keso 107,374, wuri 3,647 ya yi saura. Wanda kuma ya zauna ƙidaya, ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana ba barci, sai ya shekara 68 kafin ya ƙare.

Akwai ƙa'ida a nan: in yawan gidajen yana rabuwa, jimlar ma tana rabuwa. Saboda haka sai yawan gidaje ya zama awwal kafin a sa rai. Sai dai wannan sharaɗi ne, bai zama lamuni ba. Gida 11 jimlarsu 2,047, ita kuwa 23 sau 89 ce. Gida 23 jimlarsu 8,388,607, ita kuwa 47 sau 178,481 ce.

Fasali: Daga zato zuwa hujja

A 1588 wani Ba'italiye mai suna Pietro Cataldi ya gwada jimlar gida 17, watau 131,071, da ta gida 19, watau 524,287, ya tabbatar dukansu awwalai ne. Daga nan ya ce haka abin yake ga gida 23 da 29 da 31 da 37, ba tare da ya gwada ba. Uku daga ciki suka fito ƙarya, 31 kaɗai ya dace, dacen kuwa bai zama ilmi ba, domin zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A 1644 Marin Mersenne, wani malamin kirista a Faransa wanda yau ake kiran wannan dangi da sunansa, ya fitar da nasa jerin har gida 257. Shi ma ya sa 67 da 257 waɗanda ba su cancanta ba, ya bar 61 da 89 da 107 waɗanda suka cancanta.

Wanda ya yanke maganar gida 31 shi ne Leonhard Euler, da ake furta sunansa Oila, mutumin ƙasar Suwizalan da ke zaune a Rasha, a 1772, a lokacin idanunsa sun kusa mutuwa ƙurmus. Jizirin adadin ya ɗara 46,340 kaɗan, awwalan da ke ƙasa da haka kuwa sun fi 4,000, aikin da zai ci watanni ga mai alƙalami. Sai ya fara da tabbatar da cewa duk awwal ɗin da zai iya raba wannan adadi, in an kasa shi da 248, dole saura ya zama 1 ko 63. Da wannan ya kore mafi yawan waɗanda ake tuhuma, abin da ya rage na gwaji bai wuce 372 ba. Ba ko ɗaya da ya raba shi. Ya rubuta wa abokinsa Daniel Bernoulli wasiƙa ya sanar da shi, adadin kuma ya zauna shi ne awwal mafi girma da aka sani har 1867.

Maganar gida 67 kuwa sai a 1903 aka fito da masu raba ta. An ruwaito cewa Frank Cole ya miƙe a taron masana a birnin New York na Amurka, bai ce uffan ba, ya rubuta jimlar gida 67 a gefe ɗaya na allo, ya buga 193,707,721 da 761,838,257,287 a ɗaya gefen, aka ga sun yi daidai, ya koma ya zauna.

Fasali: Ajujuwan da yake ciki

Na farko, witiri ne, kamar kowane awwal ban da 2.

Na biyu, naƙisi ne. Magabata sun kasa adadi gida uku bisa jimlar juzu'ansa. In jimlar ta fi shi, za'idi ne, kamar 12 da juzu'anta 1, 2, 3, 4, 6 suka tashi 16. In ta yi daidai da shi, tammi ne, watau cikakke, kamar 6 da ke 1 da 2 da 3. In ta gaza, naƙisi ne. Awwal kuwa ya fi kowa naƙasa, tun da juzu'insa 1 ne tak, ko da ya kai miliyan dubu biyu.

Na uku, shi ne na 8 cikin awwalan Mersenne, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287.

Na huɗu, yawan gidajensa, watau 31, shi ma ɗan wannan dangi ne, domin jimlar gida 5 ce. Masu irin wannan nasaba biyu guda 4 kaɗai aka sani: 7, da 127, da wannan, da jimlar gida 127 mai alƙaluma 39, wadda Edouard Lucas na Faransa ya tabbatar da hannu a 1876.

Na biyar, duk da naƙasarsa, yana haifar da cikakken adadi. Uklidis ya nuna cewa in jimlar ninki ta zama awwal, aka buga ta da abin da ke gidan ƙarshe, tammi ke fitowa: 3 sau 2 ta ba da 6, 7 sau 4 ta ba da 28, 31 sau 16 ta ba da 496, 127 sau 64 ta ba da 8,128. Gida na 31 yana ɗauke da 1,073,741,824, in an buga ta da 2,147,483,647 a sami 2,305,843,008,139,952,128, wanda shi ne cikakken adadi na 8. Duk cikakkun da aka samu shafa'i ne, kuma har yanzu ba wanda ya kawo cikakke witiri, ba kuma wanda ya kafa hujjar cewa babu shi.

Fasali: Abin da ya biyo baya

A 1811 wani Bature ɗan Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa ba ya tsammanin wani zai sake wahalar da kansa ya nemi wanda ya fi wannan, tun da abin sha'awa ne kawai marar amfani. Shi ma zatonsa bai tabbata ba. A 1952 Raphael Robinson ya sa na'urar lissafi aiki a Amurka, cikin shekara guda ya sami sabbi 5. A 1996 aka kafa wani gayya ta intanet mai suna GIMPS, inda mutane ke ba da aron kwamfutocinsu ana gwaji. A Oktoban 2024 Luke Durant, ɗaya daga cikin 'yan gayyar, ya gano cewa jimlar gida 136,279,841 awwal ce, ita ce ta 52 da aka sani a wannan dangi, ta kuma zarce duk waɗanda aka sani kafinta. Alƙalumanta 41,024,320 ne. In an rubuta su a jere, kowane ya ci rabin santimita, layin zai kai kilomita 205, watau ya tashi daga Gusau ya wuce Bungudu da Maru da Talatar Mafara, ya doshi Sakkwato. Ba a karɓi maganarsa ba sai da wasu suka maimaita gwajin a na'urori dabam.

Shi kuma 2,147,483,647 ya sami gida a cikin kwamfuta. Na'urori da yawa an gina su suna ajiye adadi cikin gurbi 32, ɗaya na nuna ko riba ce ko bashi, 31 na ɗaukar adadin bisa ninki, daidai da gidajen alkama. In duka sun cika, iyakar ƙidayar ke nan. Agogon irin waɗannan na'urori ya fara ƙirga daƙiƙa daga 1 ga Janairu 1970, zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijeriya, don haka ne masu sana'ar suke ta mayar da su gurbi 64 tun kafin ranar.

Fasali: Makullin ɗan kasuwa

A 1977 wasu masana 3 a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka gina makullin sirri bisa wata gaskiya da mai karatu zai iya gwadawa yanzu. In an ce ya buga 89 da 97, nan take zai ce 8,633. Amma in 8,633 aka ba shi aka ce ya nemo iyayenta, sai ya gwada awwalai fiye da 20 kafin ya dace. Bugu sauƙi, warwara wuya. Makullan da bankuna ke aiki da irinsu adadi ne mai alƙaluma wajen 617, wanda aka samu daga buga manyan awwalai 2 da aka ɓoye. Mafi girma da aka warware irinsa a 2020 mai alƙaluma 250 ne, shi ma sai da aka haɗa kwamfutoci masu ɗimbin yawa. Ba a sa sanannun awwalai kamar na Mersenne a wannan aiki, domin abin da kowa ya sani ba ya zama mabuɗi.

Ke nan fatake da ke sayen hatsi a Tsafe su biya ta waya, da mai POS a kasuwar Gusau, taurin kan nan da ya kai mas'alar gado 88 yana cikin abin da ke tsare saƙon kuɗinsu a hanya. Amma a lura, ɓarawo ba ya zama ya warware adadi mai alƙaluma 617. Waya yake bugowa da murya mai daɗi, ya ce daga banki ne, ya roƙi lambar sirri mai alƙaluma 4. Wanda ya faɗa masa, ya buɗe ƙofar da hannunsa, ba hisabin da zai tsare shi.

Darasin da ke cikin tarihin wannan adadi na malami ne da ɗan kasuwa baki ɗaya. Cataldi da Mersenne manyan masana ne, amma girmansu bai hana su kuskure ba a inda suka yi magana ba gwaji. Mai rabon gado da ya ɗauki 91 kurma ce zai buga ta ɗungum inda subu'i ya isa, mai ciniki da ya karɓi jimla don ganin girman mai faɗinta zai iya kwana da asara. Ga adadi 3 don ɗalibai su gwada a allo bisa hanyar Ibnul Banna: 221, 223 da 323. Ɗaya kaɗai ne awwal a cikinsu, kuma ba wanda zai bukaci gwajin da ya wuce 17.

Tammat.